Nawa ne kuɗin hoton MRI ga wanda zai biya daga aljihunsa a ƙasar waje?

Tambaya: Ni da mahaifiyata muna ƙasar waje, kuma ba mu da inshora. Ta yi watanni tana fama da ciwon baya da ke sauka ƙafarta ta hagu, likitan da ya duba ta ya ce a yi mata hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Na tambaya a wuri uku, an ba ni farashi uku, na sama ya kusa ninka na ƙasa sau huɗu. Wanne ne farashin gaskiya, kuma mai arahar yana da wani aibu ne?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ba ki faɗi ƙasar da kuke ba, 'yar'uwa, don haka zan ɗan zagaya da ke ƙasashe kaɗan ki ɗauki abin da ya shafe ki. Amma kafin mu je can, ki sani mai yiwuwa ne duka farashin ukun gaskiya ne, sai dai ba kaya ɗaya aka yi miki kuɗinsa ba. Aikina karanta irin waɗannan hotuna ne, kuma na daɗe da lura cewa mutum biyu kan ce MRI kowa da abin da yake nufi. Kin buga waya kin ce nawa ne MRI na baya, kowace mai amsa waya ta faɗi abin da ke gabanta a kwamfuta. Cinikin biri a sama ke nan.

Ki koma kan takardar da likita ya rubuta. A wurinmu gadon baya kashi uku ne: na wuya, na tsakiya, da na ƙugu, kuma kowanne hoto ne mai zaman kansa da kuɗinsa. Ciwon da ke sauka ƙafa yawanci na ƙugu ake nema. In takardar ba ta fayyace ba, wata cibiya za ta yi miki kuɗin ƙugu kaɗai, wata ta yi miki na baya gaba ɗaya, tun daga nan farashi ya ninka ba tare da kowa ya yi miki ƙarya ba.

Sai allurar rini. Wani lokaci ana sa wa marar lafiya wani ruwa ta jijiya, mai ɗauke da sinadarin gadoliniyam, don wasu wurare su ƙara fitowa a hoton. In za a yi da allura, ɗaukar kusan sau biyu ake yi, kafin allura da bayanta, ga kuɗin ruwan kansa, ga ma'aikacin da zai nemi jijiya, kuma ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda akan nemi gwajin jini na ƙoda tukuna. Duk wannan kuɗi ne. Ga wadda ba a taɓa yi wa tiyata a baya ba, kuma likita ba ya zargin ƙari ko ƙwayar cuta a ƙashi, hoton ƙugu marar allura shi ne aka saba yi, kuma ya isa. Ki tambayi likitan da baki: da allura ko babu? A Amurka ma kowane hoto lambarsa daban a tsarin da suke kira CPT. MRI na ƙugu marar allura 72148 ne, wanda ake yi kafin allura da bayanta kuma 72158. In a can kuke, ki riƙa tambayar farashi da lambar. Za ki ji muryar mai amsa wayar ta canza, don ta gane ba da baƙuwar harka take magana ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi kama mutane ba shiri. Hoto aiki biyu ne: akwai mai ɗauka, akwai likitan da zai zauna ya karanta ya rubuta rahoto. A wasu wuraren, musamman asibitocin Amurka, kowanne da takardar kuɗinsa. Sai ki biya na ɗauka ki ɗauka kin gama, bayan mako uku wata takarda ta biyo ki daga wani kamfanin likitoci da ba ki taɓa jin sunansa ba. Ki tambaya ƙarara ko farashin ya haɗa da rahoton likita. Ki ƙara da tambayar ko sai kin ga likitansu kafin su ɗauka, domin wasu cibiyoyin ba sa karɓar takardar likitan waje, kuma ganin likitan nan kuɗi ne daban.

Me ya sa abin yake da tsada tun asali? Na'urar kanta, sabuwa, takan kai dala miliyan ɗaya ko fiye. A cikinta akwai maganaɗisu da ake sanyaya shi da ruwan iskar hiliyam zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, kuma ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake, ko da marar lafiya ko babu. Ɗakin kuma sai an lulluɓe shi da tagulla don kada siginar waje ta ɓata hoton. Kowane mutum yana cin minti 20 zuwa 45. Wannan yana da amfani a gare ki: duk sa'ar da gadon na'urar yake fanko, asara ce ga mai cibiyar. Shi ya sa wasu ke rage farashi da yamma ko ƙarshen mako, kuma da yawa suna da farashi na musamman ga mai biya nan take, wanda ba za su faɗa ba sai an tambaya. Babu kunya a ciki. Ki ce da aljihuna zan biya, yau ɗin nan, nawa ne na ƙarshe?

Babban asibiti kuma kusan kullum ya fi cibiyar da hoto kaɗai take yi tsada, ko da na'urarsu iri ɗaya ce, domin asibiti yana ɗora wa hoton wani ɓangare na kuɗin ɗakin gaggawa da ma'aikatan dare da sauran hidimarsa. In zan yi hasashe, farashinki na sama daga babban asibiti ya fito.

Yanzu ƙasashe. A Amurka tazarar ta fi ko'ina muni: hoton da cibiya mai zaman kanta za ta yi a kan 'yan ɗaruruwan dala, asibiti a gari ɗaya zai iya neman dala 2,000 ko 3,000. Sai dai doka ta ba ki makami biyu. Tun 1 ga Janairun 2021 an wajabta wa asibitoci su wallafa farashinsu, har da na mai biya da kuɗi hannu. Tun 1 ga Janairun 2022 kuma, duk wanda ba shi da inshora ko zai biya da kansa yana da haƙƙin a ba shi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a yi aikin, kuma in takardar ƙarshe ta haura ƙiyasin da dala 400 ko fiye, yana iya ƙalubalantar ta cikin kwana 120. Ki karɓi wannan ƙiyasi ki adana.

A Ingila baƙon da ya zo ziyara ba ya cikin waɗanda asibitin gwamnati ke yi wa irin wannan hoto kyauta, kuma tun 2015 ana cajin baƙi kashi 150 cikin ɗari na farashin da aka ƙayyade. Don haka yawanci cibiyoyi masu zaman kansu ake zuwa, inda kashi ɗaya na jiki yakan kama daga wajen fam 250 zuwa 600, tsakiyar Landan ta fi tsada. A Jamus akwai jadawalin kuɗin likitoci na doka da ake kira GOÄ, kowane aiki da makinsa, kuma a aikin hoto akan ninka asalin kuɗin sau 1.8. Da wannan lissafi MRI na gadon baya yakan faɗa wajen yuro 440, kafin a ƙara allura ko wasu ƙarin ɗauka. Ina son tsarin nan don takardar kuɗin tana zuwa layi-layi, mutum yana iya bin ta da yatsa. A Indiya irin wannan hoto yakan tsaya tsakanin 'yan dubban rupi zuwa wajen 15,000, wato ƙasa da dala 200, kuma a manyan biranen na'urorin ba su da bambanci da na Turai. Waɗannan duk ƙiyasi ne na kama hanya, farashi yana motsi da shekara da gari.

Akwai abin da ba a rubutawa a allon farashi. A ƙasashen da ake yawan zuwa neman magani, irin su Indiya da Turkiyya, asibitoci da dama suna da farashi biyu, na ɗan ƙasa da na baƙo, kuma ofishin kula da baƙi na biyun yake faɗa. Wani ɓangare na ƙarin hidima ce ta gaske, kamar tafinta da tarba da shirya layi. Wani ɓangaren kuma kamashon dillalin da ya kai ki ne, wanda asibitin zai ba shi daga cikin kuɗinki ba tare da kin gani ba. Ba na cewa duk dillali macuci ne. Wanda bai san gari ba, bai ji yare ba, yana tura tsohuwa a keke, yana bukatar ɗan jagora. Amma hoton MRI ba tiyata ba ne, abu ne na awa ɗaya, kuma in kin iya shiga cibiyar da ƙafarki kin nuna takarda, kin tsallake wannan kamasho. Wajen biya kuma, in na'urar kati ta tambaye ki ko a cire da kuɗin ƙasar katinki ko da kuɗin ƙasar da kike, ki zaɓi na ƙasar da kike, domin canjin da na'urar ke yi yawanci ya fi na banki cuta.

To, mai arahar yana da aibu? Wani lokaci babu ko kaɗan. Wani lokaci kuma araha ba ta ado. Ga yadda za ki gane.

Ki tambayi ƙarfin na'urar. Ana auna shi da tesla. Mafi yawan na'urori masu kyau 1.5 ne ko 3. Masu talla suna son nuna cewa 3 ta fi, su ƙara kuɗi a kai, kuma gaskiya ne tana da fifiko a wasu hotunan ƙwaƙwalwa da ƙananan gaɓoɓi. Amma ga ƙugun Mama, 1.5 ta wadatar ƙwarai, ni kaina ba zan ƙara ko sisi don a yi wa tawa mahaifiyar a 3 ba. Ga mai ƙarfe a jiki ma 1.5 takan fi ba da hoto mai tsabta. Wadda za ki yi hattara da ita ita ce tsohuwar na'ura buɗaɗɗiya mai ƙarfin 0.2 zuwa 0.4. Tana da amfani ga mai tsoron matsatsin wuri ko mai jiki sosai, amma hotonta yakan yi hazo, kuma likitan tiyata yana iya cewa a sake.

Ki tambayi wanda zai karanta. Wannan a ganina ya fi ƙarfin na'urar muhimmanci, kuma shi ne ba wanda ke tambaya. Abin da kike saye a ƙarshe amsa ce ga tambayar likita: wace jijiya ce ta matse, a wane gurbi, da me. Likitan hoto da ya saba da gadon baya zai rubuta gurbi-gurbi, ya ce ga wanda ya yi daidai da ciwon ƙafar hagu. Wanda aka tara wa ɗaruruwan hotuna a rana zai rubuta layi biyu da za su dace da kowace tsohuwa a duniya. Na taɓa karɓar wani dattijo da ɗansa ya kai shi wata cibiya ta hannun dillali, aka yi musu sauƙin farashi ƙwarai. Suka zo da rahoto mai layi uku da hotuna shida da aka ɗauka da waya daga fuskar kwamfuta. Likitan tiyata ya duba ya ajiye, ya ce ba zai taɓa bayan mutum da wannan ba. Da aka nemi cibiyar ta turo ainihin hoton, sai aka shiga gobe, jibi. Haka aka sake ɗauka, suka biya sau biyu, ga kwanakin masauki da suka ƙaru.

Don haka kada ki bar wurin sai da ainihin hoton a hannunki, a faifai ko a ma'ajiyar USB ko ta hanyar saukewa daga intanet, kuma a tsarin da ake kira DICOM. Shi ne tsarin da kowace kwamfutar asibiti a duniya ke buɗewa, likita ya riƙa juya hoton yanka-yanka yana aunawa. Hoton ƙugu ɗaya ya ƙunshi yanka sama da ɗari, fim ɗin da aka buga ko takardar PDF kaɗan daga ciki kawai suke nunawa. Wasu cibiyoyin suna cajin ɗan kuɗi a kan faifan, ki biya. In hanyar intanet aka ba ki, ki sauke a ranar, domin da yawa suna rufewa bayan 'yan makonni. Ki kuma tambayi yaren rahoton. Rahoton Jamusanci ko Turkanci ba zai amfani likitan da bai ji ba, kuma fassarar takardar asibiti kuɗi ce daban.

Wani abin lura: in kuna tunanin a ƙarshe a wata ƙasa za a yi mata aiki, ki tuntuɓi likitan can kafin ki biya ko kwabo a nan. Likitocin tiyata da yawa ba sa son hoton da ya daɗe, wasu kuma suna da irin ɗaukar da suke so. Gara a yi sau ɗaya a inda za a yi amfani da shi.

Mai yiwuwa wata cibiyar ta ce miki ga CT, wato hoton eksire na kwamfuta, ya fi araha kuma minti biyar ne. Gaskiya ne ya fi araha kusan ko'ina, amma ba madadin juna ba ne. CT gwani ne a ƙashi da huhu da zubar jini, MRI kuma a jijiya da laka da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, wato ainihin abin da ake nema a wurin Mama. CT kuma yana da radiyeshan: CT ɗin ciki guda ɗaya yakan kai milisibat 8 zuwa 10 (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshan), alhali abin da mutum ke sha daga muhalli a shekara guda wajen 2.4 ne a matsakaicin duniya. MRI ba shi da wannan. Eksire da sikanin su ne mafi sauƙin kuɗi, amma ba za su nuna matsewar jijiya ba. Hoton da ake kira PET kuwa, wanda aka fi yi wa masu sankara, shi ne mafi tsada, domin ruwan da ake sa wa mutum ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk minti 110, don haka a ranar ake haɗa shi da sunan mai shi. Wanda ya makara ko ya karya ƙa'idar azumin da aka ba shi yakan yi asarar kuɗin ruwan.

Akwai kuma tayin da za a iya yi miki, a ce tunda kun zo, ga rangwame a ɗauki jikin Mama duka daga kai zuwa ƙafa. Ki ce a'a. Babu jikin da ya haura shekara hamsin da za a leƙa ko'ina a rasa wani ɗigo a hanta ko ƙoda ko maƙogwaro. Mafi yawansu ba komai ba ne, amma da zarar an rubuta su sai an bi su da wani hoton, wani gwajin, wani lokaci har da tsaga, ga fargaba, kuma duk daga aljihunki.

Wannan ya kawo ni kan rahoton da za ki karɓa, don kada ya firgita ki. A 1994 mujallar likitoci ta New England ta buga wani bincike da aka yi wa mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan hoton MRI. Kashi 52 cikin ɗari an ga guringuntsin bayansu ya kumbura a aƙalla gurbi ɗaya, kuma kashi 36 kaɗai ne aka samu komai daidai. Wato rahoton Mama zai zo cike da kalmomi masu ban tsoro, kuma yawancinsu furfurar ƙashi ce kawai. Abin da ke da ma'ana shi ne wanda ya yi daidai da ciwon da take ji. Shi ya sa ba a gaggauta hoton ga sabon ciwon baya, akan ba shi wajen mako shida ana magani da motsa jiki, da yawa suna warkewa. Na Mama ya yi watanni kuma yana sauka ƙafa, don haka likitan bai yi kuskure ba. Duk da haka ki tambaye shi abin da zai yi da sakamakon. In ya ce daga nan za a yanke shawarar allurar baya ko tiyata, kuɗinki sun tafi inda ya dace. In kuwa Mama ta riga ta ce ko me aka gani ba za a yanka ta ba, to ku zauna da likitan ku sake lissafi.

Duk wannan ciniki da kwatanta farashi na mai lokaci ne. In Mama ta fara kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ta ji tsakanin cinyoyinta ya mutu, ko ƙafar tana ƙara sakewa tana jan ta, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ki kai ta ɗakin gaggawa mafi kusa a wannan sa'a. Jijiyar da ta matse irin haka ba ta jiran a gama ciniki, kuma abin da aka rasa yakan ƙi dawowa. Maganar kuɗi a yi ta daga baya, asibitoci da dama suna yarda a biya kaɗan-kaɗan. In kuna da inshorar tafiya, ki duba takardar, amma kada ki sa rai sosai, domin mafi yawansu ba sa biyan ciwon da mutum ya taho da shi daga gida.

Ranar ɗaukar, ki faɗa musu tun a waya in tana da batirin zuciya, ko wani ƙarfe da aka dasa mata, ko ta taɓa samun ɓarɓashin ƙarfe a ido, don kada ku biya ku je a mayar da ku. Ki yi wa Mama bayani tun a masauki cewa za ta kwanta rigingine cikin wani rami mai ƙara kamar ana buga ƙarfe, za a ba ta abin toshe kunne da ƙararrawa a hannu, kuma ba abin da zai taɓa ta. Mai ciwon baya kwanciyar minti 30 ba motsi tana yi masa wuya, kuma motsi kaɗan yana ɓata hoton har a ce a sake wata rana. Ki roƙi likita ya tsara mata maganin ciwonta ta sha kamar awa ɗaya kafin lokacin, a sa mata matashi ƙarƙashin gwiwa. In tana tsoron matsatsin wuri, ki faɗa tun da wuri, ƙwayar kwantar da hankali ta fi allurar barci sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Cibiyoyi da yawa kuma suna barin ɗan'uwa ya shiga ya zauna kusa bayan sun tantance ba ya ɗauke da ƙarfe, don haka ki ajiye waya da kati da 'yan kunne a waje, ki shiga ki riƙe mata ƙafa.